Daga Dogarai Zuwa 'Yan Sanda: Tarihin Tsaron Doka a Arewacin Najeriya

An kafa rundunar 'yan sandan Najeriya, a siffar da aka san ta yau, ranar 1 ga Afrilu, 1930, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu ƙarƙashin Sufeto Janar ɗaya mai zama a Legas. Amma aikin kama mai laifi da tsare dukiyar jama'a ya girmi wannan rana da ɗaruruwan shekaru a ƙasar Hausa. Kuma kusan shekara 40 bayan kafa rundunar, yawancin talakawan Arewa ba ɗan sandan gwamnati suka sani ba, dogari da ɗan doka suka sani. Tarihin tsaron doka a wannan yanki ya bi ta matakai uku: zamanin dogaran sarki, zamanin 'yan dokan En'e, wato hukumar gargajiya, da suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da 'yan sandan gwamnati, sai zamanin runduna ɗaya tilo ta tarayya. A kowane mataki abu biyu ne ake ja a kai: yadda mai tsaron doka zai san mutanen da yake tsaro, da kuma wanda zai ba shi umarni.

Dogarai da tsarin masarautu

A masarautun Hausa, tsaron doka wani ɓangare ne na aikin fada. Masu yin sa su ne dogarai, ƙarƙashin Sarkin Dogarai. Da yawansu bayin sarki ne ko 'ya'yan bayi, kuma akwai dalilin haka. Mutumin da ba shi da dangi a gari, ba shi da gadon sarauta, ba shi da wanda zai ji kunyarsa in an ce ya kamo shi. Abincinsa da suturarsa da darajarsa duk daga hannun sarki suke. Ana gane dogari tun daga nesa da babbar rigarsa mai ja da kore da rawaninsa, da bulala ko takobi a hannu.

Aikin dogarai ya haɗa da tsaron sarki da gidansa, da buɗe masa hanya in ya fita, da kai saƙonsa ga hakimai, da kamo wanda aka kai ƙara, da raka masu karɓar haraji. Idan alƙali ya yanke hukunci, su ne masu zartarwa. Kurkuku yana hannun Yari, inda ake sa wa fursuna mari ko a sa shi a turu, hukuncin kisa kuwa aikin Hauni ne.

Dogarai ba su da yawan da za su tsare ƙasa duka, kuma ba a sa ran haka daga gare su. Nauyin yana kan tsarin zaman jama'a ne. Birane suna da ganuwa, kowace ƙofa da Sarkin Ƙofa, ana rufewa da dare. Mai unguwa ya san kowane gida da wanda ke kwana a cikinsa. Baƙon da ya shigo fatauci yana sauka wajen fatoma, wanda shi za a tambaya idan baƙon ya yi ɓarna. Kasuwa tana da Sarkin Kasuwa, kowace sana'a da shugabanta mai ladabtar da nasa. A karkara, idan aka sace shanu, mafarauta ne ke bin sawu, kuma garin da sawun ya shiga bai fita ba, dagacinsa ne zai yi bayani. Da an yi ihun ɓarawo, kowane namiji mai lafiya wajibinsa ne ya fito.

Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jagoranta daga 1804 ya ɗora wannan tsari a kan mizanin Shari'a. A Kitabul Farƙi Shehu ya soki tarar zalunci da ƙwacen dukiya da barorin sarakuna ke yi, ƙanensa Abdullahi kuma ya bayyana muƙaman gwamnatin Musulunci da iyakar kowanne a Diya'ul Hukkam. Daga ciki akwai muhtasibi, mai lura da mudu da ma'auni a kasuwa, da hana algus, da kula da ladubban jama'a. Duk da haka dogarai ba su gushe ba. Sababbin sarakuna sun gaji fada da bayinta, suka ci gaba da aiki da su.

Hausawa a rundunonin Turawa na farko

Tushen rundunar 'yan sanda irin ta zamani yana bakin teku ne, amma da Hausawa aka fara ta. Bayan Ingila ta mallake Legas a 1861, an kafa 'yar ƙaramar runduna ta mutum 30 don tsaron ofishin wakilinta. A 1863 wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya soma tara bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, yawancinsu masu jin Hausa, ya ba su bindigogi da horo. Zuwa 1879 rundunar ta kai mutum 1,200, kuma da sunan Hausawa ake kiranta, ko da yake akwai Nufawa da Barebari da wasu ƙabilu a ciki. Abin da ya haɗa su shi ne harshen da ake ba da umarni da shi.

Turawa sun zaɓi waɗannan mutane ne da gangan. Kowannensu baƙo ne a ƙasar Yarabawa, ba ya jin yaren, ba ya tausaya wa kowa, kuma ba shi da mafaka sai bariki. Dabarar da sarki ya yi da bawa ita ce Bature ya yi da baƙo. Irin waɗannan dakaru aka kai yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, kuma su ne ginshiƙin rundunar da aka kafa a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Waɗanda suka yi ritaya a can suna cikin mutanen da suka raya zango-zangon Hausawa.

A bakin kogin Kwara kuwa, kamfanin ciniki na Royal Niger ya kafa tasa rundunar, wadda ta yi sansani a Lokoja. Sunanta na 'yan sanda ne, aikinta na soja. Ita ce ta yaƙi Bida da Ilori a 1897. Da gwamnatin Ingila ta karɓi ƙasar daga hannun kamfanin ranar 1 ga Janairu, 1900, aka raba mutanenta: wasu suka shiga soja, wasu suka zama 'yan sandan Arewa na farko ƙarƙashin Gwamna Lugga. Wannan asali na mamaya ya bar tabo mai daɗewa. Runduna ce da aka gina don ta tsare gwamnati daga jama'a, tun kafin a yi tunanin ta tsare jama'a daga ɓarayi.

Runduna biyu a ƙasa ɗaya

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Turawa sun baza 'yan sandansu a larduna, amma abin bai yi armashi ba. Sarakuna suna ganinsu a matsayin masu rage musu iko, jama'a kuma suna kuka da ƙwace da cin zali, domin mutum mai kayan gwamnati a ƙauyen da babu Bature babu mai iya tsawata masa. Ga shi kuma kuɗin riƙe su yana da yawa. A zamanin Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga a 1907, aka janye yawancinsu daga manyan masarautu, aka mayar da aikin hannun dogarai. Da aka kafa baitulmali, wanda aka fara a Katsina ya bazu zuwa sauran masarautu, sai dogari ya zama ma'aikacin En'e mai albashi.

Daga nan ƙasa ta zama tana da runduna biyu. 'Yan sandan gwamnati suna tsaron barikin Turawa, da layin dogo, da kantunan kamfanoni, da garuruwan da Turawa suka kafa irin su Kaduna da Jos, da unguwannin Sabon Gari inda baƙi daga Kudu suke zaune. Cikin birni da ƙauyuka kuwa na sarki ne. Haɗe Arewa da Kudu a 1914 bai canja wannan ba, haka ma haɗe rundunonin gwamnati a 1930.

An kai tsarin dogarai har wuraren da ba su san shi ba, kamar ƙasar Tibi da tsaunukan Filato da kudancin Zariya. A wurare da dama dogaran da aka tura baƙi ne, ba su jin harshen mutanen da suke karɓar haraji a hannunsu. Ƙiyayyar da wannan ya haifar tana cikin abubuwan da suka rura wutar siyasar ƙananan ƙabilu daga baya.

'Yan doka

Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa sun cika birane da baƙi da kuɗi da sababbin laifuffuka. Dogarin fada, wanda ba ya karatu kuma ba a horar da shi kan bincike ba, ya kasa. A shekarun 1920 aka soma ware aikin gida biyu. Dogarai suka ci gaba da hidimar fada, aka kafa sababbin rundunoni masu kaki da fareti, waɗanda aka fara kira 'yan gadi a Kano, daga baya sunan 'yan doka ya game ko'ina.

Matsalar farko ita ce ta daraja. Jama'a sun ɗauki aikin na bayi ne, ɗa ba ya shiga. Maganin da aka samo shi ne a ɗora 'ya'yan sarauta a kan rundunar, da muƙamin Wakilin Doka. A Katsina an naɗa Usman Nagogo shugaban 'yan doka a 1929, shekara 15 kafin ya zama sarki. A Sakkwato, Abubakar na Uku ya kula da 'yan doka da gidan yari lokacin yana Sardauna, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1938. A Kano, Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka daga 1957 zuwa 1962. Wannan dabara ta ɗaga martabar aikin, ta kuma ƙara ɗaure shi da gidan sarauta.

Da tafiya ta yi nisa aka riƙa tura 'yan doka samun horo a makarantar 'yan sanda ta Kaduna, ana kuma ba manyan En'e-En'e aron jami'an gwamnati don su tsara musu aiki. Ƙarfin kowace runduna ya danganta da arziƙin baitulmalinta. Ta Kano ko Sakkwato tana da ɗaruruwan mutane da motoci da sashen bincike. Ta ƙaramar En'e ba ta wuce 'yan tsiraru masu kulki da usur ba.

Ɗan doka ɗan gari ne, kuma da ɗan gari akan ci gari. Ya san gidan da ake ɓoye kayan sata, ya san wanda ya kwana ba a gida ba, yana da mai unguwa da dagaci a bayansa. Rigimar miji da mata ko ta iyakar gona sau da yawa a zaure ake kashe ta, ba ta kai gaban alƙali. Wannan ne ya sa dattawa da yawa suke tuna zamanin da cewa sata ba ta da yawa. Amma ɗan doka shi ne kuma mai kamun wanda bai biya haraji ba, mai farautar Fulani saboda jangali, mai tattara mutane don aikin tilas, har da wanda aka yi a ma'adinan kuza na Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ɗan doka ya zalunta ba shi da inda zai kai kuka, domin sarkin da ya aiko shi, shi ke naɗa alƙali, shi ke da gidan yari.

Siyasa da faɗuwar 'yan doka

Wannan haɗuwar iko a hannu ɗaya ta fito fili da aka fara siyasar jam'iyyu. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, da manufar 'yantar da talaka daga mulkin En'e, ita kuwa NPC da sarakuna da ma'aikatan En'e ta dogara. Izinin yin lacca daga En'e ake nema. Ɗan adawa da ya hau dandamali ba izini, ko aka ce ya zagi sarki, ɗan doka zai kama shi, alƙali ya ɗaure shi, a kai shi kurkukun En'e, duk a yini ɗaya, kuma lauya ba ya shiga kotun alƙali. An yi wa magoya bayan NEPU bulala da aski da ɗauri a garuruwa da dama, kuma Hajiya Gambo Sawaba tana cikin waɗanda suka fi shan wannan uƙuba. A ƙasar Tibi, inda jama'a suka bi jam'iyyar UMBC, danniyar En'e da 'yan dokanta na cikin musabbabin tarzomar 1960 da ta 1964. A Jihar Yamma ma gwamnati mai ci ta yi amfani da 'yan sandan ƙananan hukumomi a kan abokan hamayya.

Hukumar Willink, wadda ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu ta miƙa rahoto a 1958, ta ga cewa runduna ɗaya ta tarayya ita ce kariyar da ta fi dacewa da su. Tsarin mulkin 1960 ya bar rundunar Najeriya a hannun tarayya, amma ya ƙyale Arewa da Yamma su ci gaba da nasu. Juyin mulkin Janairun 1966 ne ya sauya lamarin. Gwamnatin Ironsi ta sa 'yan doka ƙarƙashin umarnin Sufeto Janar, ta kuma kafa kwamiti a ƙarƙashin Yusuf Gobir don ya duba makomarsu da ta gidajen yari. Kwamitin ya ba da shawarar a haɗe su da na tarayya, gwamnatin Gowon ta amince. Daga 1968 aka soma tantancewa: wanda ya cika sharuɗɗan ilimi da lafiya aka ɗauke shi ɗan sanda, saura aka sallame su. A wannan lokaci ne kuma aka karɓe kotunan alƙalai da gidajen yari daga hannun En'e. Dogarai suka rage a fada, ba su da ikon kama kowa.

A wannan zamani rundunar ta koma hannun 'yan ƙasa. Louis Edet ne Sufeto Janar na farko ɗan Najeriya, a 1964, sai Kam Selem ɗan Borno daga 1966 zuwa 1975, sai Muhammadu Dikko Yusufu ɗan Katsina har 1979. Da aka ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, wasu daga cikin gwamnonin Arewa jami'an 'yan sanda ne: Audu Bako a Kano, Usman Faruk a Arewa maso Yamma, Joseph Gomwalk a Binuwai-Filato.

Tsarin rundunar a yau

Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi runduna ɗaya, ya kuma hana kafa wata a tarayya ko a wani ɓangare nata. Shugaban ƙasa ne ke naɗa Sufeto Janar bayan ya ji shawarar Majalisar 'Yan Sanda, wadda gwamnoni duka suke ciki. Ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma da ladabtarwa kuwa aikin Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ne, ga kowa ban da Sufeto Janar.

Umarni yana gangarowa ne daga hedikwata a Abuja zuwa shiyyoyi. An fara da shiyya 7 a 1986, yanzu akwai 17, kowacce ƙarƙashin Mataimakin Sufeto Janar. Shiyya ta ɗaya tana Kano, ta goma tana Sakkwato. Kowace jiha tana da Kwamishina, ƙarƙashinsa akwai kwamandojin yanki, sannan baturen 'yan sanda mai riƙe da caji ofis, wato wanda talaka ya fi cin karo da shi. Muƙamai suna tashi daga kurtu zuwa kofur, saje, sufeto, sannan manyan jami'ai. Akwai kuma sassa na musamman: 'yan sandan ciki masu binciken laifuffuka, masu kula da zirga-zirgar motoci, masu kwance bam, da 'yan kwantar da tarzoma, waɗanda aka kafa a farkon shekarun 1960. An fara ɗaukar mata a 1955. Ana horar da kurata a kwalejoji irin na Kaduna da Maiduguri da Ikeja, manyan jami'ai a Jos, sannan makarantar Wudil a jihar Kano tana yaye sababbin jami'ai masu digiri.

Akwai wani ƙulli a sashe na 215. Gwamna yana iya ba Kwamishina umarni kan tsaron jiharsa, amma Kwamishina yana da damar ya nemi a miƙa batun ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Saboda haka gwamna yakan sayi motoci da man fetur ya ba rundunar, alhali ba shi da ikon naɗa shugabanta ko cire shi.

Wasu ayyukan da rundunar ke yi a da an yanke su an ba sababbin hukumomi. Leƙen asirin cikin gida ya fita daga hannunta a 1976. An kafa hukumar kiyaye haɗurra a 1988, ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 1989, sai EFCC a farkon shekarun 2000, lokacin da hukumar tsaron farar hula ma ta samu dokarta.

Ɗan sanda da al'umma

Runduna ɗaya ta magance matsalar da aka kafa ta dominta, wato ba sarki ko hakimin da zai sa a kama masa abokin hamayya da baki kawai. Amma ta zo da nata giɓin. Ana iya tura jami'i jihar da ba ya jin harshenta, kafin ya san lunguna an sauya masa wurin aiki. Yawan jami'an, wanda ake ƙiyasta shi kusan 370,000, ya yi kaɗan ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma da yawansu suna gadin manyan mutane da bankuna ne. Ƙananan hukumomi masu ɗaruruwan ƙauyuka sukan dogara da caji ofis ɗaya da mota ɗaya. Shekarun mulkin soja sun bar rundunar cikin ƙarancin kuɗi da kayan aiki da lalacewar barikoki, abin da ya kai ga yajin aikin ƙananan jami'ai a Fabrairun 2002, irinsa na farko a tarihinta.

Manyan fitinu sun nuna wannan rauni. A Disambar 1980 mabiya Maitatsine sun fi ƙarfin 'yan sanda a Kano, sai da aka kira soja, kuma mutum sama da 4,000 suka rasu. Boko Haram ta mai da rundunar abin hari: ta kai harin bam hedikwatarta a Abuja ranar 16 ga Yuni, 2011, ta kuma afka wa ofisoshinta a Kano ranar 20 ga Janairu, 2012. Jami'ai da yawa sun rasa rayukansu a bakin aiki a waɗannan shekaru. A ɗaya ɓangaren, harbe manoma a Bakolori a 1980 da ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello a 1986 sun ƙara nisanta jama'a da rundunar. Koke-koken yau da kullum sun fi waɗannan yawa: na goro a shingen bincike, kuɗin beli alhali an rubuta a bango cewa beli kyauta ne, tsare mutum a bayan kanta ba tare da an kai shi kotu ba, da shiga rigimar bashi wadda ba laifi ba ce.

Doka ta yi tanadi a kan yawancin waɗannan. Tsarin mulki ya ce a gabatar da wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1943, ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, ta kuma tanadi kwamitocin haɗa 'yan sanda da al'umma. Wannan tunani ya faro ne tun 1984, da aka kafa kwamitin hulɗa da jama'a a caji ofisoshi, inda dattawa da 'yan kasuwa da malamai ke zama da baturen 'yan sanda. A Oktoban 2020 kuma aka rushe sashen SARS mai yaƙi da 'yan fashi bayan zanga-zangar da matasa suka yi a kan cin zarafinsa. Duk da koke-koke, caji ofis shi ne wurin da ake kai yaron da ya ɓata, da rahoton haɗarin mota, da rigimar maƙwabta da ta gagari mai unguwa, kuma kaso mai yawa na aikinsa sulhu ne.

Masu cike giɓi da muhawarar 'yan sandan jihohi

Inda ɗan sanda bai kai ba, jama'a sun koma ga tsohon tsarinsu. Unguwanni suna haɗa kuɗi su ɗauki 'yan sintiri. A Maiduguri matasa suka kafa 'yan ƙato da gora a 2013, kuma sanin da suka yi wa mutanen unguwanninsu ya taimaka wajen korar Boko Haram daga birnin. A Zamfara da Katsina da Sakkwato 'yan sa-kai sun tashi don fuskantar ɓarayin daji, amma kisan da wasunsu suka yi wa makiyaya ba tare da shari'a ba ya ƙara wa rikicin zafi. Bayan dawo da Shari'a a jihohin Arewa daga 1999, hukumomin Hisba sun bayyana. Ta Kano ta samu dokarta a 2003, kuma doka ta ɗora mata miƙa wanda ta kama ga 'yan sanda. Gwamnatoci ma sun shiga: jihohin Yarabawa sun kafa Amotekun a 2020, Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a 2024.

Waɗannan rundunoni ba su da ikon da tsarin mulki ya ba ɗan sanda, kuma makaman da aka yarda su riƙe ba su kai na waɗanda suke fuskanta ba. Wannan ne ya farfaɗo da kiran a ba jihohi damar kafa 'yan sandansu, kuma a Fabrairun 2024 shugaban ƙasa da gwamnoni suka amince a duba batun. Masu goyon baya suna cewa ɗan gari ya fi sanin dajinsa da mutanensa, kuma wanda jama'a suka zaɓa shi ya kamata ya ɗauki alhakin tsaronsu. Masu adawa suna kafa hujja da abin da 'yan doka suka yi a Jamhuriya ta Farko, suna kuma tambayar yadda jihar da ke fama da biyan albashi za ta riƙe mutane masu bindiga. Shawarwarin da ake tattaunawa sun ta'allaƙa ne a kan sharuɗɗa: hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa ɗauka da kora, ma'aunin horo ɗaya ga ƙasa duka, kuɗin da ba ya jiran sa hannun gwamna, da fayyace laifuffukan da za su rage a hannun tarayya. Aiwatar da ko ɗaya daga ciki yana buƙatar gyara sashe na 214, wanda sai kashi biyu cikin uku na kowane zaure na Majalisar Tarayya ya amince, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su mara masa baya.